Kunnen Baban Jiniya

A tasharmu ta kashe gobara akwai kalma guda da ba a faɗa. Kana iya zagin Kwamanda a bayan idonsa, kana iya kukan ƙarancin albashi a gaban idonsa, amma ba ka isa ka buɗe baki ka ce "shiru" ba. Tsofaffin tashar sun ce wani kwamanda na da can ne ya taɓa miƙe ƙafa bayan abincin rana, ya yi hamma, ya ce yau dai gari shiru. Bai gama rufe baki ba ƙararrawa ta kaɗa. Ran nan sai da suka kashe wutar gidan katako, suka kashe ta rumbun tsofaffin tayoyi, kafin faɗuwar rana kuma suka tafi gidan shi kwamandan, inda kicin ya kama. Tun daga nan kalmar ta zama garwashi, ba mai ɗaukarta da harshe. In ya zama dole a ambace ta, sai a ce "wadda ba a faɗa". Wanda ya yi suɓutar baki kuwa, shi kaɗai zai wanke mota, har da ƙarƙashinta.

Ni aikina a tashar facin tiyo ne da tsaron ɗakin kaya. Ɗakin yana da 'yar taga mai kallon tsakar gida, don haka ba abin da yake wuce ni sai kaɗan. Aikin namu yini da kwana ne a tasha, sannan kwana biyu a gida. Mafi yawansa jira ne. Ka goge abin da ka goge jiya, ka naɗe tiyon da ka warware don ka sake naɗewa, sai can a kira ka, ka je ka shaƙi hayaƙin katifar wani, ka fito mutanen unguwa suna tambayarka ko a ƙafa kuka zo.

Motarmu guda ce, ja, tsohuwa, muna ce mata Kaka. Mai tuƙa ta kuma muna ce masa Baban Jiniya, domin shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙin motar kashe gobara, jiniya tana kuka daidai saman kansa, tsakaninsu faifan ƙarfe ne da bai kai kaurin murfin tukunya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa. Girarsa ta hagu ta ƙone tun yana sabon shiga aiki, ba ta sake tsirowa ba, shi ya sa kullum fuskarsa take kamar ta wanda ya yarda da rabin maganarka, rabin kuma yana jiran shaida.

Jiniya ta cinye masa kunne. Na hagu ya daɗe da tafiya, na dama yana haɗa kaya. Duk tashar mun sani, har da mai sayar mana da shayi a bakin ƙofa. Shi kaɗai ne bai san mun sani ba.

Yana da amsa uku da yake juyawa in ana hira: "Haka ne," da "Allah ya kyauta," sai kuma dariya. Yawanci ɗaya tana dacewa. Wani lokaci kuma a sami akasi, kamar ranar da Tsani, dogon da yake hawa mana tsani, ya zo yana washe baki ya gaya masa matarsa ta haifi 'yan biyu. Baban Jiniya ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Tsani ya ɗan yi tunani, ya tuna albashinsa, ya ce amin.

Abin mamakin shi ne, duk da haka ba mai riga shi tashi in kira ya zo. Kafin ƙararrawa ta kaɗa ya riga ya zura ƙafa cikin manyan takalmansa, waɗanda muke ajiyewa a gefen mota da wando a naɗe a kansu, yadda ja ɗaya za ka yi ka miƙe a shirye. Sababbin ma'aikata har ce musu ake yi Baban Jiniya yana jin motsin hayaƙi. Dabarar ba wata mai nisa ba ce. Kullum a kan benci ɗaya yake zama, yana fuskantar tagar Mai Waya, mutumin da yake amsa kiran jama'a. In matar Mai Waya ce ta kira, sai ya jingina da kujera ya lumshe ido. In wani ne yake neman gidan burodi ya yi kuskuren lamba, sai ya taɓe baki. In kuwa gobara ce, sai ya zabura tsaye kamar wanda kunama ta harba, ya fizge biro daga bayan kunne, ya ɗaga shi sama kafin ya soma rubutu. Biron nan shi ne ƙararrawar Baban Jiniya. In kuma yana bayan tasha, tantabarun da suke zaune a kan rufi ne suke gaya masa, don ƙararrawa tana kaɗawa suke watsewa sama gaba ɗaya. Na daɗe ina ganin ya kamata a sa tantabarun nan cikin masu karɓar alawus.

Saura wata takwas ya yi ritaya, sai takarda ta zo daga hedikwata.

Kwamanda ne ya shigo da ita da safe, ya ce a manna a allon sanarwa. Shi mutum ne da ya yarda cewa duk abin da hedikwata take son faɗa a layi uku na farko take faɗarsa, sauran cikon takarda ne. Ƙusoshin allon sun daɗe da ƙarewa, iska kuma ta saba kwashe mana takardu ta kai wa awakin unguwa, don haka na ɗauko gam ɗin da nake facin tiyo da shi, wanda in ya kama abu sai dai a bar wa magada. Na shafe allon da shi, Kwamanda ya ɗora takardar, na bi da tafin hannu. A can ƙasa akwai wasu ƙananan haruffa da gam ya jiƙa suka dushe. Ba wanda ya kula da su.

Takardar ta ce duk mai hawa mota da ya haura shekara hamsin zai je asibitin ma'aikata nan da mako biyu a gwada idonsa da kunnensa. Wanda ya faɗi, za a sauke shi daga mota.

Wanda ba ɗan kwana-kwana ba ne ba zai gane nauyin wannan magana ba. In an sauke ka daga mota, gadin ƙofa za ka koma, ka riƙa buɗe wa Kaka tana fita tana barinka. Alawus ɗin haɗari zai tsaya. Alawus ɗin ba wani abin kirki ba ne, mukan ce bai wuce kuɗin sabulun wanke ƙaurin hayaƙi ba, amma da albashin watan ƙarshe ake auna fansho da giratuti, kuma ƙaramar ɓula a gindin tanki ita take kwana tana shanye ruwan. Sannan ga gida. Gidajen da suke bayan tasha na masu amsa ƙararrawa ne kawai. Baban Jiniya yana da ɗaki biyu a can, da bishiyar lemo da matarsa ta shuka a inda ruwan wankin tiyo yake gangarawa. Nasa gidan na bayan gari kuwa bango huɗu ne a tsaye ba rufi, suna jiran giratuti. In aka sauke shi yanzu, ba shi da inda zai kai iyalinsa sai ƙarƙashin sararin Allah.

Ya daɗe tsaye a gaban allon, hannu a baya. Da rana ta take sai ya shigo ɗakin kaya, ya tura ƙofa, ya sa sakata, ya leƙa taga, ya matso dab da kunnena.

"Ɗan'uwa, zan gaya maka wani sirri, amma ya tsaya tsakaninmu," in ji shi, da muryar da ta tayar da tantabaru daga rufi. "Kunnena ya ɗan soma nauyi."

Ta taga na hango Tsani ya tsaya cak da bokiti a hannu, Mai Waya ya toshe baki da hula, Kwamanda da yake fitowa daga ofis ya juya ya koma kamar ya manta wani abu. Na nuna mamaki iya ƙoƙarina. Na ce masa ni ban taɓa lura ba. Ya ce haka ne.

Da yamma muka taru a bayan Kaka ba tare da shi ba, ko da yake da a tsakiyarmu ya zauna ma ba abin da zai ɓaci. Tsani ya ce shi ya san gwajin, surukinsa ya taɓa yi a wata ma'aikata. Ana sa mutum a wani ɗan ɗaki kamar akwati, a kifa masa faifai biyu a kunne, na'ura ta riƙa yin tsiit, in ka ji ka ɗaga hannu. Ya rantse surukin ya ce tsakanin tsiit da tsiit ƙirga biyar ne, ba ƙari ba ragi, don na'ura ba ta da wayon sake shawara. Saboda haka ba kunne ake bukata ba, lissafi ake bukata.

Sauran yadda za a koya masa ba tare da ya gane an san sirrinsa ba. Mai Waya ya kawo shawara a ce atisaye ne na kowa da kowa. Haka aka yi. Na samo murafen gwangwani biyu na haɗa su da waya. Kowace safiya bayan an duba mota sai a jeru a kan benci, a riƙa kifa wa mutum ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su kai talatin ba, masu jin faɗuwar allura a ɗaki na uku. Tsani ya sanar da babbar murya cewa ko mai lafiyar kunne gara ya riƙe ƙirga biyar, kada tsoron likita ya ruɗa shi. Sai ya tsaya a baya yana cewa tsiit, mai gwangwani yana ɗaga hannu. Baban Jiniya ya fi kowa ƙwazo. Leɓensa yana motsi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, hannu ya tashi kamar na soja. Kwamanda bai taɓa nuna ya ga abin da muke yi ba. Rana ɗaya dai da ya zo wucewa, ya gaya wa iska, ba mu ba, cewa kayan hukuma ba su cika sauri ba, da mutum zai ƙirga shida da ya fi.

Matarsa, wadda duk muke ce wa Uwar Yara, ita kaɗai ce ba ta ga abin dariya ba. Ta kawo masa abincin rana ta same shi da gwangwani a kunne, ta ajiye kwano, ta zo tagar ɗakina. Ta ce mu manya da mu, masu jikoki, mun zauna muna wasan yara. Shekara nawa tana ce masa ya je a duba shi, yana cewa wanda ya shiga asibitin ma'aikata da ƙafarsa a gadin ƙofa yake ƙarewa. Maƙwabta duk sun ɗauka faɗa suke yi kullum, alhali tambayarsa take ina ya ajiye makulli. Na ce ta yi haƙuri, gidan muke so mu tsare mata, da bishiyar lemonta.

Ta ce, "Lemo ana sayar da shi a kasuwa, ƙanena. Ni shekara tara rabona da in yi wa mijina raɗa."

Na ci gaba da facina.

Ranar gwaji Kwamanda ya ce in raka shi, wai in karɓo mana bandeji. Baban Jiniya ya sa kakinsa na fareti, ya goge takalmi har kana ganin girarsa guda a ciki. A hanya yana ta ƙirga, duk biyar hannu yana tashi, har masu motar haya biyu suka tsaya suna zaton su yake kira.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar autarsa ba, mai farin gilashi da magana a hankali. Gwajin ido bai ɗauki lokaci ba. Ya karanta manyan haruffa, ya karanta ƙanana, ya ƙara mata da sunan maɗaba'ar da ta buga allon, wanda ita kanta sai da ta matsa kusa ta gani. Mutumin da ya shekara tara yana sauraro da ido, ai dole.

Sai aka zo kan kunne. Tsani bai yi ƙarya ba, ɗakin kamar akwati yake, da tagar gilashi a gaba da 'yar lasifika a kan tebur da ake jin na ciki. Ta kifa masa faifan, ta rufe ƙofa, ta zagayo ta zauna kusa da ni a gaban na'urar. Kafin ta gyara zama hannun Baban Jiniya ya tashi. Ya sauka. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, ya sake tashi. Likita ta zuba tagumi tana kallonsa. Ni ma ina kallo, ina jin daɗin yadda atisaye ya zauna, sai idona ya sauka ƙasa, na ga wayar na'urar a kwance a kan siminti, bakinta bai ko kusanci soket ba.

Sai da ya ɗaga hannu sau goma sha ɗaya, sannan ta ɗauki takarda ta rubuta da manyan haruffa, ta kara a jikin gilashin: BABA, BAN KUNNA BA TUKUNA.

Ya karanta. Hannun yana sama, ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya sosa ƙeya. Ya gwada dariya, amsarsa ta uku, ta ƙi fitowa.

Ta fito da shi, ta ja kujera ta zauna ta damarsa, ta sa fuskarta inda zai ga bakinta. Ta tambaye shi shekara nawa ya yi a ƙarƙashin jiniya, ko an taɓa ba shi abin toshe kunne. Ya ce an taɓa rabawa sau ɗaya, shekarar da aka yi manyan baƙi, aka karɓe bayan sun tafi. Ta tambaye shi ko ya karanta bayan takardar da aka aiko. Ya dube ni. Na dubi rufi.

Ta jawo irin takardar daga aljihun tebur ta juya ta. Ashe ƙananan haruffan da gam ya cinye cewa suka yi a duba baya. Bayan kuwa cike yake da rubutu. Wanda aiki ne ya lalata masa kunne, hukuma za ta saya masa na'urar ƙara ji. Ba za a taɓa alawus ɗinsa ko gidansa ba har na'urar ta zo. In aka sake gwada shi da ita ya haye, ya koma motarsa. In bai haye ba, to, sai ƙofa. Amma sai shi da bakinsa ya yarda kunnen ya tafi, ya faɗi tun yaushe, ya sa hannu. Wanda ya ce lafiyarsa ƙalau kuma ya faɗi gwaji, ba abin da za a yi masa sai saukewa.

Baban Jiniya ya ɗaga girarsa guda. Ya ce shi shekara talatin da ɗaya yana aiki, bai taɓa ganin an ɓoye wa ma'aikaci alheri a bayan takarda ba, abin da ake ɓoyewa a can daban ne. Tarko ne, a sa shi ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru yana tuƙa mutane ba ya ji. Kunnensa garau yake, mura ce ta ɗan taɓa shi. A kunna na'urar a gani.

Likita ba ta yi musu ba. Ta ce to, amma hannun nan ya huta haka, ta ga ya gaji. Ta sa wayar a soket a kan idonsa. Ta ce duk sanda ta ɗaga yatsa, ya gaya mata ɗaya cikin biyu: in ya ji, ya ce ƙara, in bai ji ba, ya ce shiru.

Na juya na dubi Baban Jiniya. Shi ma ya gane kalmar a leɓenta, don na ga ya ja baya kamar an miƙo masa maciji. Na yi sauri na bayyana mata dokar tasharmu. Ta yi murmushi ta ce ba damuwa, ya ce babu, ko ya girgiza kai, duk ɗaya ne a wurinta. Ta mayar da shi ciki.

Ta soma da kunnen hagu. Ta murɗa, ta ɗaga yatsa. Ya ce ƙara. Ta sake. Ya ce ƙara. Ta ɗaga yatsa ba ta taɓa komai ba, ya ce ƙara. Sai ta juya na'urar yadda zai gani, ta riƙa murɗawa a hankali har abin murɗin ya kai ƙarshe ya tsaya. Ni da nake waje ina jin tsiit ɗin yana fitowa siriri kamar kukan sauro. Shi kuwa abin yana manne da kunnensa. Ya dubi hannunta, ya ga ba sauran wurin murɗawa. Ya dubi fuskata, ya ga ina ji.

Ta ɗaga yatsa.

Ya dubi yatsan. Sannan ya cire faifan ya riƙe a cinya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, irin wadda rabona da ji daga bakinsa har na manta.

"Shiru, 'yata," in ji shi. "Wannan ɓangaren shiru ne kawai. Shekara tara ke nan."

Ya sa hannu a takardar. Biron ne dai ya ƙi rubutu sai da aka sake wani.

Da muka koma tasha na ba da labari a bayan Kaka. Maganar bayan takarda ba ta tayar wa kowa hankali ba, sai dai duk sun juyo sun dube ni, sun dubi gwangwanin gam ɗina. Abin da ya girgiza su shi ne jin ya faɗi wadda ba a faɗa, har sau biyu, kuma cikin kaki. Aka shiga muhawara. Mai Waya ya ce asibiti ba tasha ba ce, dokar ba ta kai can ba. Tsani ya ce doka a jikin kaki take, ba a jikin gini ba. Ana cikin haka waya ta yi ƙara, Mai Waya ya ruga, biro ya tashi sama. Saniya ce ta faɗa ramin da aka haƙa don ginin shago. Tsani ya ce kun gani, kuma sau biyu ya faɗa, a jira na biyun. Na biyun bai zo ba sai washegari, shi ma tukunyar wata tsohuwa ce ta ƙone, ta kashe abinta kafin a isa, amma an ɗora masa.

Tsani ne ya tuƙa Kaka zuwa wurin saniyar, tunda an mayar da Baban Jiniya gadin ƙofa har na'urar ta zo. Baban Jiniya ya buɗe musu ƙofa. Ya tsaya riƙe da ƙarfen yana kallon motar tana fita tana tsalle a hannun da bai san halinta ba, duk tsalle ɗaya sai ya runtse ido. Da suka dawo ba wanda ya tuna masa hukunci. Da kansa ya ɗauko bokiti da soso. Ya wanke ta shi kaɗai har ƙarƙashi, washegari ya sake, ya ce ai sau biyu ya faɗa. Daga nan kullum sai ya sami dalilin da hukuncin bai ƙare ba.

Likita ta ce na'urar za ta zo cikin mako uku. Bakwai aka yi, wanda a wurin hedikwata gudu ne. Na'urar da ta zo ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu ba, da ɗan abin murɗawa a bayanta. Aka sa masa a kunnen dama, tunda na hagu an riga an yi ta'aziyyarsa. Aka sake gwaji, ba ƙirga ba gwangwani. Ya haye da kyar, tazarar ba ta kai faɗin girarsa guda ba, amma ya haye.

Ranar da ya koma kan mota ya hau ya tayar da Kaka, sai muka ga ya kashe ta da sauri ya sauko. Ya ce wa ya lalata masa mota cikin mako bakwai, mene ne wannan tari da take yi, me yake ƙwanƙwasa a ƙarƙashi kamar ana daka. Tsani ya ce masa shekara shida ke nan tana yi. Ya tsaya ya karkata kai. Ya ce ashe haka benci yake kuka in an zauna, ashe famfon tsakar gida ɗiga yake yi, ashe tantabaru surutu ne da su haka. Ni kuma ya ce ashe in ina faci waƙa nake yi, kuma gara da bai sani ba.

Can kira ya zo. Mai Waya yana zaune ya miƙa hannu ya danna ƙararrawa, ya ɗauki biro a kan tebur ya soma rubutu, ko gezau bai yi ba. Baban Jiniya da idonsa yake kan tagar bisa sabo, ƙararrawar ta same shi ba shiri, ya zabura har hularsa ta faɗi. A bakin ƙofa da aka kunna jiniya, saura ƙiris ya kwashe ginshiƙi. Ciyawa ce ta kama a bayan wata makaranta. Suna dawowa ya wuce kai tsaye tagar Mai Waya, ya tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, ya ga yau bai tashi ba, bai ɗaga biro ba.

Mai Waya ya ce, "Yaya, shekara tara ina tsalle kamar biri a kan kujerar nan, da ciwon gwiwata da komai. Ka ɗauka haka aka haife ni? Yanzu kana da kunne, ka bar ni in tsufa."

Baban Jiniya ya dube shi, ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Tsani ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba shi da igiya. Kwamanda ya koma ofis kamar ya manta wani abu. Ya tambaya ko har da mai shayi. Aka ce har da mai shayi. Na ga yana laluben amsoshinsa uku, a ƙarshe ya haɗa su duka. Ya ce haka ne, ya ce Allah ya kyauta, sannan ya yi dariya har sai da ya share ido da hannun riga.

Da Uwar Yara ta kawo abinci ran nan, ta ajiye kwanon, ta sunkuya ta damarsa ta faɗi wani abu da ko ni mai taga ban ji ba. Tsohon nan da ya shiga wuta fiye da sau ɗari sai ga shi ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin kwano, yana ce mata ta tafi gida mutane suna kallo. Ban san me ta ce ba, ban kuma tambaya ba.

Ya ƙarasa watanninsa a kan mota. Kafinta har ya je bayan gari ya auno rufi. Saura kwana uku ya ajiye aiki na fito da rana na same shi a kan bencinsa. Tsani yana tagar Mai Waya suna gardama kan ko za a ƙara alawus bana, famfo yana ɗiga, rediyon mai shayi yana kururuwa. Na ga ya kai yatsa bayan kunne ya murɗa ɗan abin nan har ƙasa, ya jingina da bango yana murmushi, ido ɗaya a lumshe. Na taɓa kafaɗarsa, na nuna kunnen, na tambaye shi da hannu me yake saurare.

Ya duba hagu, ya duba dama, ya matso dab da ni.

"Wadda ba a faɗa," in ji shi, tantabaru suka watse sama. "Wallahi na yi kewarta."

Mai Waya ya yi ajiyar zuciya. Ya ɗauki biron daga kan tebur ya mayar da shi bayan kunne, ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya soma murza gwiwa.